Daga haya zuwa haya ba ƙaura ba ce

Duk lokacin da aka rufe wa wani sananne shafinsa a Facebook ko X, magana ɗaya ce ke yawo a Kaduna: "Mu bar musu kayansu, mu koma wani wuri." Kafin kwana biyu sai a fara tura mahaɗin wata sabuwar manhaja a zaurukan WhatsApp, ana cewa a nan ba mai taɓa ka. Jama'a su yi rububin yin rajista, a yi mako uku ana hayaniya, daga nan kowa ya sulale ya koma inda ya fito. Abin da ke ba ni haushi shi ne, a duk wannan kai-komo ba ka jin wanda ya tsaya ya tambaya: sabon wurin nan na wane ne?

Ra'ayina a fili yake. Barin manyan dandalan nan ba laifi ba ne, dalilan barin ma suna da ƙarfi. Amma wanda ya bar kamfani ɗaya ya koma wani kamfanin, mai gidan haya kawai ya canza. Ƙaurar da ta cancanci wahala ita ce zuwa dandalan da ba su da mamallaki ɗaya, irin su Mastodon, kuma a yi ta a ƙungiyance, da lissafin kuɗi da rubutacciyar doka. Idan ba za a yi haka ba, gara kowa ya zauna inda yake.

Mun riga mun ga darasin da idonmu. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, wato X na yanzu, bayan kamfanin ya goge wani rubutu na Shugaba Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. A lokacin gwamnati da mutane da dama suka koma Koo, wata manhaja ta ƙasar Indiya. A watan Yulin 2024 Koo ta rufe kwata-kwata, duk mabiyan da aka tara a can suka bi ruwa. Kafin ita BBM, wadda samari da 'yan mata suka yi yayi, ta rufe a 2019. A 2025 kuma, bayan tarar da hukumomin Najeriya suka ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ciki har da dala miliyan 220 ta hukumar kare masu sayayya, kamfanin ya shaida wa kotu cewa zai iya janye Facebook da Instagram daga ƙasar. Bai janye ba, amma mai sayar da atamfa a Kasuwar Barci da duk kwastomominta ke Instagram ya kamata ta ji wannan magana a jikinta. Zanen aro ba ya rufe katara.

Yadda abin yake aiki

Ka ɗauki layin waya. Mai MTN yana kiran mai Airtel, ba ruwansa da cewa kamfanonin daban ne, domin sun yarda da ƙa'idar sadarwa ɗaya. Haka Mastodon yake. Wani Bajamushe, Eugen Rochko, ya fara shi a 2016, kuma manhajar kyauta ce, kowa na iya ɗora ta a kan sabarsa, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana tana riƙe da shafukan mutane. Akwai dubban irin waɗannan sabobi, kowace da mai ita da dokokinta, suna magana da juna ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub da aka amince da ita a 2018. Shi ya sa adireshin mutum yake da gaɓa biyu kamar na imel: sunanka, sannan sunan sabar da kake.

A kan wannan ƙa'idar akwai Lemmy na zaurukan muhawara, wanda mutane suka kwarara cikinsa lokacin da Reddit ya ɓata wa masu amfani da shi rai a 2023, da PeerTube na bidiyo, da Pixelfed na hotuna. Daga shafinka na Mastodon kana iya bin mutumin da ke kan kowanne a cikinsu.

Babban abin da ya bambanta shi da gidan haya shi ne, idan mai sabar ya ɓata maka, kana iya tashi da mabiyanka. Za ka buɗe sabon shafi a wata sabar, ka shiga saitinsa ka rubuta tsohon adireshinka a matsayin laƙabi, sannan ka koma tsohon shafin ka ba da umarnin ƙaura. Mabiyanka za su koma sabon adireshin da kansu. Amma a kula da abu uku. Tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa binka, sai dai ka sauke kwafinsu ka ajiye. Jerin waɗanda kake bi da waɗanda ka toshe kai ne za ka fitar da shi a fayil ɗin CSV ka loda a sabon wurin. Kuma dole tsohuwar sabar ta kasance da rai lokacin ƙaurar, domin ita ce ke sanar da sauran. Idan ta riga ta mutu, mabiyan sun tafi da ita. Bayan ƙaura ɗaya sai an jira kwana 30 kafin a sake wata.

"Ai ba kowa a can"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma gaskiya ce. Masu rubutu da Hausa a Mastodon ba su taka kara sun karya ba. Mai gyaran waya a Kasuwar Sheikh Gumi, ko makerin Panteka da ke samun aiki ta hotunan da yake sawa a Facebook, idan ya goge shafinsa saboda fushi, abincinsa ya goge. Ba na ba kowane ɗan kasuwa shawarar ya yi haka.

Amma ba kowace magana ce ke buƙatar kasuwa ba. Ƙungiyar marubuta, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makaranta, malaman wani sashe a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, 'yan jarida, masu nazarin tarihi: waɗannan ba miliyoyin mutane suke nema ba. Suna neman mutum ɗari biyu da suka san juna, da wurin da maganar bara ba za ta ɓace ba. A yanzu WhatsApp ne ke ɗauke da wannan nauyi, kuma kowa ya san yadda yake ƙarewa: sabon shiga ba ya ganin abin da aka tattauna kafin zuwansa, waya ta lalace komai ya tafi, muhimmin bayani ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a.

Dalilin da ya sa sabon shiga Mastodon yake ganin fili fetal shi ne, babu na'urar da ke zaɓo masa abin kallo. Abin da waɗanda kake bi suka rubuta kawai kake gani, bi da bi, gwargwadon lokaci. Wanda ya bi mutum biyar zai ga kango. Maganin shi ne a shiga tare: a tsayar da rana, mutum talatin ko hamsin su yi rajista a mako ɗaya, a haɗa adireshinsu a fayil ɗaya kowa ya loda, sai ya zama daga ranar farko kowa na bin kowa. Sannan a bi maudu'ai masu alamar #, domin ana bin su kamar yadda ake bin mutum. A nan akwai wani ƙaramin tarko da ya shafe mu: alamar ɗauri da muke sawa a kalmomi irin su sana'a ko al'ada tana yanke maudu'i, sai ya tsaya a "sana". A rubuta shi a haɗe, kuma a yarda tun farko ko da ƙ za a riƙa rubutawa ko da k, kada jama'a su rabu gida biyu. Sunan shafi kuwa ba ya karɓar ƙ, ɗ da ɓ sam, sai dai a sa su a sunan da ke bayyana a sama. Kuma duk wanda zai yi rubutu ya zaɓi Hausa a wurin zaɓen harshe, domin da wannan ne masu tace rubutu ta harshe za su same shi.

Ƙaramar sabuwar saba tana da wata matsalar: abin da mutanenta suke bi kawai ta sani. Wani lokaci za ka buɗe rubutun wani na waje ka ga amsa uku, alhali a sabarsa amsa arba'in ne. Ba lalacewa ba ce, haka tsarin yake, kuma yana raguwa yayin da mutanenku ke ƙara bin na waje.

"Data ta yi tsada"

Ta yi, musamman tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Kuma ƙananan tsare-tsaren data masu araha da ake sayarwa don Facebook da WhatsApp kaɗai ba sa buɗe Mastodon, sai da data ta gama-gari. Wannan shinge ne na gaske ga ɗalibi. Abin da ke rage zafin shi ne babu talla, kuma rubutu ya fi yawa, harafi 500 a kowane saƙo a yawancin sabobi. A manhajar Tusky ta Android ana iya hana hotuna saukowa sai an taɓa su. Wanda ya yi haka, abin da zai kashe a mako bai kai na zama ɗaya a TikTok ba.

Wa zai riƙe gidan?

A nan ne yawancin masu ɗoki suke faɗuwa, kuma a nan nake so a daɗe.

Abu na farko shi ne sunan adireshi, wato domen. Shi ne gaɓa ta biyu a adireshin kowane mamba, kuma da zarar an kafa saba da shi ba a canza shi. Idan wa'adinsa ya ƙare ba a sabunta ba har wani ya saye, adireshin kowa ya mutu a rana ɗaya. Don haka a yi rajistarsa da sunan ƙungiya, da imel ɗin ƙungiya, kada a yi da na wani yaro mai ƙwazo da zai tafi hidimar ƙasa baɗi. Mai ƙarewa da .ng yana ƙarƙashin hukumar NiRA kuma ana biya da naira, wanda sauƙi ne. A biya na shekara biyu ko uku a gaba idan da hali.

Na biyu, ita kanta sabar. Kada kowa ya yi tunanin ajiye kwamfuta a ofis ko a shago a Kawo. Wutarmu da intanet ɗinmu ba za su ɗauka ba, kuma sabar da ke yawan ɗaukewa tana rasa saƙonni. Haya ake yi a wurin kamfanonin da ke da rumbunan kwamfutoci. Mastodon yana son ƙwaƙwalwar aiki aƙalla gigabait 2, domin abubuwa da yawa ne ke gudana tare: rumbun bayanai na PostgreSQL, da Redis, da Sidekiq mai aika saƙonni zuwa sauran sabobi. Ƙungiyar da ba ta wuce mutum goma ko ashirin ba tana iya amfani da GoToSocial, wanda ke magana da ƙa'ida ɗaya amma bai cin ko rabin gigabait. Waɗanda ba su da masanin kwamfuta kuma akwai kamfanonin da ke kula da komai, mafi ƙanƙantar tsarinsu bai kai dala 10 a wata ba, yana hawa gwargwadon yawan mutane. Matsalar ita ce da dala ake biya. Mun ga lokacin da bankuna suka hana katin naira biyan kuɗi a waje, kuma canji ba ya tsayawa wuri ɗaya. A tara kuɗin shekara tun farko, kamar yadda ake zubin adashe, a sa ma'aji, a riƙa karanta lissafi a taro. Saba ba ta rayuwa da "Allah zai kawo".

Na uku, abin da ya fi kashe ƙananan sabobi a ɓoye: cikar ma'ajiya. Duk hoto da bidiyon da wani na waje ya saka, muddin wani mambanku na binsa, sabarku tana ajiye kwafinsa. Cikin 'yan watanni faifan ya cika, rumbun bayanai ya tsaya, shafi ya ƙi buɗewa, admin, wato mai kula da sabar, ya rasa dalili. A saitin masu gudanarwa akwai wurin ƙayyade kwana nawa za a riƙe kayan waje. A sa kwana 7 ko 14. Abin da mambobinku suka saka da kansu wannan bai taɓa shi.

Sai imel. Saba ba ta tabbatar da rajistar kowa sai ta aika masa saƙo, haka ma idan ya manta kalmar sirri. Idan ba a haɗa ta da amintaccen mai aika imel ba, saƙonnin za su riƙa faɗawa kwandon shara, mutane su ce abin ba ya aiki su tafi.

Akwai wani alkawari da Mastodon ke nema daga sabobin da yake tallatawa a shafinsa, kuma ina ganin duk wata saba ta Kaduna ya kamata ta ɗauke shi ko ba a nema ba: a riƙa yin kwafin ajiya kullum, a samu aƙalla mutum na biyu da ke da mabuɗin sabar saboda ɓacin rana, a ba jama'a sanarwar wata uku kafin a rufe, kuma a riƙa tsawatarwa da gaske. Kwafin ajiyar ma a ajiye shi a wani wuri daban, a kuma gwada maido da shi sau ɗaya a ga ko yana aiki. Da yawa sai ranar da suka buƙace shi suke gano fayil ɗin fanko ne.

"A can ba mai rufe ka"

Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni tsoro, domin ƙarya ce, kuma da gaskiya ce ma da ba alheri ba ce. Admin na iya rufe ka. Sauran sabobi kuma na iya yanke hulɗa da sabarku baki ɗaya idan ta zama matattarar zagi ko 'yan damfara, kuma idan suka yi haka duk alaƙar bi da ke tsakaninku da mutanensu ta tsinke. Laifin mutum biyu sai ya shafi ɗari biyu.

Mu a Kaduna ba ma buƙatar a yi mana bayanin abin da magana ke haifarwa. Wanda ya ga rikicin 2000 da na 2002 da na 2011 ya san yadda jita-jita ke tashi daga baki ta koma titi, ya kuma san yadda garin ya rabu tsakanin wannan gefen kogi da wancan. Saba ta Hausa da aka buɗe wa kowa, ba doka, ba mai dubawa, za ta iya zama wurin da ake yaɗa tsohon bidiyon wata ƙasa a ce yanzu ake yi a Sabon Tasha ko Rigasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amma a nan ne kuma nake ganin ribar da ta fi kowace. Ɗaya daga cikin koke-koken da aka fi yi da manyan dandalan shi ne ba sa jin Hausa yadda ya kamata: a rufe mutum saboda karin magana ko wasan Bafulatani da Babarbare, a bar wanda ya yi habaicin da kowane ɗan gari ya san kiran fitina ne. Mai tsawatarwa ɗan Tudun Wada ko Barnawa ya san bambancin, kuma idan ya yi kuskure akwai inda za a same shi a yi masa magana. Sharaɗin shi ne kada ya zama mutum ɗaya. A sa uku ko biyar, da mace a ciki, kuma idan sabar ta gari ce ba ta wata ƙungiyar addini ba, a samu Musulmi da Kirista. A rubuta dokokin da Hausa a shafin farko, gajeru: me ke jawo gargaɗi, me ke jawo dakatarwa, wa ake kai wa ƙara. Rajista kuma kada a bar ta a buɗe. A sa sai an amince, ko sai da gayyata. Sabobin da suka bar ƙofa a buɗe su ne masu tura tallan banza ke mamayewa cikin dare.

Dole kuma a faɗa wa mambobi gaskiya game da saƙon sirri. A Mastodon ba a kulle yake ba irin na WhatsApp ko Signal. Mai riƙe da sabarka da mai riƙe da sabar wanda ka aika wa suna iya karantawa idan suka ga dama. Kuma idan ka ambaci sunan wani na uku a cikin saƙon, shi ma zai gani. Maganar da ba ka so a ji, kada ka yi ta a can.

Shi ma admin ya san abin da ya ɗauka. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ba su tsaya a kan manyan kamfanoni kaɗai ba. Kamfanin da ke Amurka yana da lauyoyi. Admin da ke Unguwar Rimi ƙofar gidansa za a ƙwanƙwasa. Wannan ma dalili ne na a yi abin da sunan ƙungiya mai rajista, kuma kada a tara bayanan mutane fiye da buƙata.

Abin da ba ya magancewa

Gwamnati na iya toshe saba ɗaya kamar yadda ta toshe Twitter, sai dai toshe dubbai ya fi wuya. Amma idan aka kashe layin waya gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a wasu sassan jihar nan daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 saboda 'yan bindiga, ba Mastodon ba Facebook. Kada a sayar wa mutane abin da ba zai iya ba.

Masu tambaya game da Bluesky da Threads: Threads na Meta ne, ko da yake ya fara buɗe ƙofa ga ActivityPub. Bluesky yana da tasa ƙa'idar daban, ya fi sauƙin shiga, kuma kana iya mayar da domen ɗinka sunan shafinka, amma har yanzu mafi yawan mutanensa a kan kwamfutocin kamfani ɗaya suke. Telegram kuwa kamfani ne kamar sauran.

Ga wanda ya yanke shawarar tashi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun shafinka na da rai ka nemi kwafin bayananka. Facebook da X duka suna bayarwa a cikin saiti, na X yakan ɗauki kwana ɗaya ko fiye kafin ya fito. Wanda aka riga aka rufe yakan sha wuya kafin ya samu. Mabiyanka na can ba za su bi ka da kansu ba, don haka ka rubuta sabon adireshinka a bayanin shafinka, ka maƙale shi a sama, ka yi wata biyu ko uku kana saka rubutu a wuri biyun.

Wajen zaɓen saba, ka duba dokokinta, ka duba yaushe admin ya yi magana ta ƙarshe, ka duba ko sun faɗi inda kuɗinsu ke fitowa. Idan kana da shafin intanet naka, ka sa mahaɗinsa a bayaninka, a can ma ka sa mahaɗin da ke dawowa; Mastodon zai yi masa alamar kore, kyauta, kuma ita ce shaidar cewa kai ne.

Tsohon shafin kuma kada ka goge shi, ko da ka daina shiga. A X, idan ka kashe shafi kwana 30 suka wuce, sunan na iya komawa hannun wani. Malami ko ɗan kasuwa ko 'yar jarida da mutane suka saba da sunansu, washegari sai a ga wani ya ɗauka yana tura lambar asusun banki yana neman taimakon marayu. Ka canza kalmar sirri, ka kunna tabbaci mai mataki biyu, ka bar rubutu ɗaya a sama da ke nuna inda ka koma, ka riƙa leƙawa lokaci-lokaci don kada a ɗauke shi a matsayin wanda aka yasar.